Agogon kurono na jar zinariya: ajiyar dukiya ce ko biyan sha'awa?

Alhajin_Mokoyo:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar agoguna masu tsada. Wani abokin cinikina da ke Dubai ya turo mini hotunan Rolex Daytona na jar zinariya, wanda an taɓa ɗaura shi amma yana nan da kwalinsa da katinsa, ya ce idan na aika da kafin alƙalami zai ajiye mini shi har in je. Abin da ke raina shi ne in fara tara irin waɗannan agoguna na kurono, wato masu maɓallai biyu a gefe na auna lokaci, ina sayensu ɗaya bayan ɗaya, domin in riƙa zuba wani kaso na ribar kasuwa a cikinsu maimakon filaye, waɗanda rigimar takardunsu ta fara gajiyar da ni. Shin mutumin da ke zaune a Maraɗi zai iya ɗaukar wannan a matsayin ajiyar dukiya, tunda ga zinariya ga kuma suna, ko kuwa sha'awa ce kawai da mai hali ke biya wa kansa? Me kuma ya kamata a duba kafin a biya?

Ɗan_Tasawa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni dai a sanina babu wata zinariya ja. Rawaya Allah ya halicce ta, duk abin da ka gani da launin jan ƙarfe shafe ne aka yi, kuma kafin damina biyu zai koɗe. Kada ka zuba dukiyarka a kan fenti.

Maƙerin_Bagalam:
Ɗan_Tasawa, rabin gaskiya ka faɗa. Tsantsar zinariya mai karat 24 rawaya ce, amma tana da laushi ƙwarai, shi ya sa ba a ƙera gidan agogo da ita sai an gauraya ta da wani ƙarfe. Manyan kamfanoni karat 18 suke amfani da shi: cikin kashi 1000, kashi 750 zinariya ce zalla, sauran 250 kuma garwaye ne. Idan aka yawaita jan ƙarfe a cikin garwayen aka sa azurfa kaɗan, sai launin ya koma ja-ja, idan kuma aka raba su kusan daidai sai ya fito rawaya. Saboda haka ja mai hatimin 750 da rawaya mai hatimin 750 zinariyar da ke cikinsu daidai take. Shafe ma yana nan, shi ne ya cika teburan babbar kasuwa, amma wannan wata magana ce dabam.

Sai dai, Alhaji, ga abin da nake so ka ji daga bakin mai sana'a. Ranar da ka matsu ka kawo mini wannan agogo a nan Maraɗi, ba zan sayi sunan Rolex ba, domin ba ni da wanda zan sayar wa sunan. Zan cire injin da gilashi da fuska da ƴan sandunan ƙarfen da ke riƙe sarƙar, in goga gefen gidan a kan baƙin dutse, in ɗiga wa zanen ruwan gwaji, idan ya tsaya bai ɓace ba in ɗora a sikeli, in biya ka kuɗin kashi uku cikin huɗu na nauyin bayan na cire ribata. Ko a haka ma ba zan yi ɗokinsa ba, saboda matanmu karat 21 da 22 suke nema irin ta Makka da Dubai, ja kuwa sai an narkar an tace ta kafin ta samu mai so.

BaMaraɗen_Besançon:
Baba Maƙeri ya yi bayani daidai. Zan ƙara da abin da nake gani a nan Faransa, tunda garin da nake aiki tsohon garin masu ƙera agogo ne, kuma ba shi da nisa da iyakar Suwis. Koɗewar da Ɗan_Tasawa ya ambata tana da tushe ko a zinariya ta gaske, domin jan ƙarfen da ke cikin haɗin yakan ci karo da gumi da ruwan gishiri da sinadarin kulorin, launin ya riƙa dusashewa a hankali. Don maganin wannan ne Rolex ya fito da nasa haɗin a 2005 mai suna Everose, inda yake ƙara ɗan filatin, wani farin ƙarfe mai daraja, domin ya riƙe launin. Omega ya biyo da Sedna a 2013, shi kuma faladiyom, ɗan'uwan filatin, yake ƙarawa. Dukansu karat 18 ne.

Game da abin dubawa, dokar Suwis ta wajabta hatimin hukuma a kan gidan agogon zinariya. Daga 1995 zuwa yau hatimin kan wani babban kare ne da ake kira Saint-Bernard, kafin nan kuma na karat 18 kan mace ne mai suna Helvetia. Sau da yawa za a ga hoton sikeli mai lamba 750 a kusa da shi. Ƙanana ne sosai, sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, a bayan ƙafafun agogon da kuma cikin maƙullin sarƙar.

Farashi kuma, sabon Daytona na Everose mai sarƙar zinariya ya haura yuro dubu 40 a shagon dillalin kamfani. Tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kuɗin sun wuce miliyan 26. Zinariyar da ke jikinsa ba ta kai rabin wannan adadi ba. Sauran kuɗin suna ne da aikin inji da ribar mai shago, kuma wannan sauran shi ne Baba Maƙeri ya ce ba zai biya ba.

Almajirin_Malam:
Kafin a yi nisa a batun riba, akwai tambayar da ya kamata ta zo farko. Hadisi ya tabbata daga Sayyidina Ali, Allah ya ƙara masa yarda, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙe alharini a hannun dama da zinariya a hannun hagu, ya bayyana cewa waɗannan biyu haramun ne a kan mazan al'ummarsa. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito shi. Abin da kashi 75 cikin 100 nasa zinariya ne, canja masa launi bai fitar da shi daga hukuncin ba. Zoben azurfa aka halatta wa namiji. Ina faɗin haka ne saboda na ga matasa da dama suna ɗauka cewa rawaya kaɗai aka hana.

Alhajin_Mokoyo:
Allah gafarta Malam, na gode da tunatarwa. Ba don ɗaurawa nake nema ba, ajiya nake nufi, in kulle a akwatin ƙarfe sai ranar da bukata ta taso in sayar. Ko uwargida ta ɗaura a wajen biki idan tana so.

Almajirin_Malam:
To, Alhaji, idan ajiya ce, akwai abubuwa biyu da za ka kai gaban malaminka. Na farko zakka. A mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba a fitar masa da zakka, amma wanda aka ajiye domin kasuwanci ko domin ranar bukata ana fitarwa. Nisabin zinariya dinari 20 ne, wanda aka ƙiyasta da giram 85, abin fitarwa kuma kashi biyu da rabi cikin ɗari idan shekara ta zagayo. A ɗauka cewa gida da sarƙa sun kai giram 160 na karat 18, to tsantsar zinariyarsu giram 120 ce, ka ga agogo ɗaya tak ya wuce nisabi. Wanda ya tara huɗu ko biyar ya san cewa kowace shekara zai nemo kuɗi daga wani wuri ya fitar, alhali su agogunan ba su haifar da ko sisi.

Na biyu shi ne kafin alƙalamin da ka ambata. Cinikin zinariya da kuɗi sharaɗinsa hannu da hannu ne a zama ɗaya, ba a biya wani ɓangare yau a karɓi kaya bayan wata guda. Malamai sun tattauna kan abin da zinariya ta zama ƴar rakiya a cikinsa, amma a agogon da gida da sarƙa duk zinariya ne da wuya a kira ta ƴar rakiya. Abin da ya fi tsira shi ne ya yi maka alkawarin ajiyewa kawai, ka je ka biya ka karɓa.

Hajiyar_Zariya:
Ƴan uwa, ku bar mata su sa baki, tunda mu aka halatta wa. Ina fataucin gwal tsakanin Dubai da Maraɗi, kuma abin da Baba Maƙeri ya faɗa game da abin da mata ke so gaskiya ne. Mace ta gwammace ta sayi warwaro da sarƙa na karat 21, domin duk ranar da ta so za ta kai su kasuwa a auna a ba ta kuɗinta, abin da za ta yi asara kuɗin ƙira ne kawai. Agogo kuwa kuɗin ƙirarsa ya fi kuɗin zinariyarsa. Duk da haka ba zan ɓoye ba, jar zinariya tana hawa baƙar fata da kyau fiye da yadda mutane ke zato, kuma matan Larabawa da dama suna ɗaura Daytona duk da faɗinsa milimita 40 ne. Amma Alhaji, idan ka ce uwargida za ta riƙa ɗaurawa, ka yanke shawara tun yanzu ko nata ne ko naka ne, domin ranar rabon gado wannan magana takan raba zumunci.

Mai_Gyaran_Agogo:
Ni ta wajen inji zan yi magana. Kurono yana da sassa da yawa fiye da agogon da ke nuna lokaci kawai, kowane sashe kuma yana bukatar mai, kuma man yakan bushe ko ana amfani da agogon ko yana kwance a akwati. Zafin Afrilu da Mayu a nan yakan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu mai shiga ko'ina, waɗannan biyu suna cinye robobin da ke toshe ƙofofin ruwa. Kowane maɓalli ƙofa ce. Na Daytona ana murɗa su a kulle, idan an kulle yana jure ruwa har mita 100, amma idan aka kwance aka manta, ko aka danna hannu da danshin alwala, za a wayi gari da hazo a ƙarƙashin gilashi.

Rolex na ba da garanti na shekara biyar, yana kuma ba da shawarar a kai agogo duba kusan kowace shekara goma. Ina za a kai shi? Ni dai ba zan buɗe shi ba, kuma duk ɗan'uwana mai teburi da ya ce zai iya, a guje shi. Ba mu da maƙullin buɗe bayansa na asali, ba mu da na'urar gwada matsin ruwa, kamfanin kuma ba ya sayar wa irinmu kayan gyara. Dole ya koma Dubai ko Faransa ko Legas. A sa kuɗin wannan tafiya cikin lissafin riba.

Ɗan_Tasawa:
Maƙeri, na ji bayaninka kan karat 18. Amma ta yaya mutum zai bambance na gaske da na jabu a hoto, tunda hoto kawai aka turo wa Alhaji?

Mai_Gyaran_Agogo:
A hoto ba za a iya ba, cinikin biri a sama ke nan. Na jabu hawa-hawa ne. Mafi araha, wanda ake kawo mini kullum, idan na buɗe bayansa sai in tarar da ɗan ƙaramin injin batir a tsakiya, an kewaye shi da farar roba domin ya cika gidan. Ƙananan da'irori ukun da ke fuskarsa ko dai allurarsu manne take, ko kuma tana nuna ranakun mako. A Daytona na gaske da aka yi daga 2000 zuwa yau, da'irar ƙasa ita ke tafiya kullum tana ƙirga sakan, ta dama tana ƙirga minti har 30, ta hagu tana ƙirga awa har 12. Doguwar allurar tsakiya tsaye take cak a kan 12 sai an danna maɓallin sama. Sabon shiga yakan ga ta tsaya ya ce agogon ya mutu. A danna sama ta tashi, a sake dannawa ta tsaya, a danna ƙasa ta koma 12 daidai ba tare da ta karkace ko kaɗan ba.

Sai nauyi. Na farin ƙarfe mara tsatsa yana wajen giram 140, na zinariya mai cikakkiyar sarƙa yana wajen giram 200, hannu ma yana jin bambancin. Amma akwai jabun zamani da ke kwaikwayon injin kansa, su kwaikwayi ƙaramin kambin da aka zana a gilashi daidai ƙarfe shida, su buga kati da kwali. Irin wannan sai ƙwararre ya buɗe, a kuma ɗora gidan a na'urar da ke karanta haɗin ƙarfe, wadda ake samu a kasuwar zinariya ta Deira a Dubai. Wanda ya ƙi yarda a kai kayansa gwaji kafin biya, ya riga ya ba ka amsa.

Bakatsinen_Jibiya:
Alhaji, tambayar da nake yi kan kowane kaya ita ce wa zai saya daga hannuna. Fili a Ali Ɗan Sofo ko a hanyar Ɗan Issa, idan ka sa shi kasuwa dillalai goma za su zo ƙofarka kafin la'asar. Agogon miliyan 26 fa? Masu sayen irinsa suna Abuja da Legas, kaɗan a Kano, su kuma da naira za su yi maka tayi, ka sha wahalar canji, ga haɗarin ɗaukarsa a hanya. Idan ka mayar wa dillalin Dubai, shi ma sai ya rage abin da zai ci. Ni a ganina wannan kaya kamar dokin sarauta ne, yana ƙara wa mai shi kwarjini, ana ciyar da shi, amma ranar sayarwa masu tayi ba su da yawa kuma sun san ka matsu.

Matashi_Mai_Kurono:
Ina girmama manya, amma an yi wa agogo rashin adalci. A Oktoban 2017 gidan gwanjo na Phillips ya sayar da Daytona na ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman a New York a kan dalar Amurka miliyan 17.8. Wane fili ne a Maraɗi ya taɓa yin irin wannan tashi? Mutane da yawa sun sayi Daytona a farashin shago sun sayar da ninki.

BaMaraɗen_Besançon:
Ƙanena, wannan labari gaskiya ne, amma ka lura da cewa agogon Paul Newman na farin ƙarfe ne, babu zinariya a jikinsa. Abin da aka biya tarihin mai shi ne da ƙarancin irinsa. Wannan ma hujja ce a kan Alhaji, domin ta nuna cewa a wannan kasuwa ba zinariya ke ɗaga farashi ba. Ninkin da ka ambata ma an fi ganinsa a Daytona na ƙarfe, wanda ake jira shekaru kafin a samu a shagon kamfani.

Sannan a duba abin da ya faru kwanan nan. Farashin agogunan hannu na biyu ya kai ƙololuwa a wajen Maris da Afrilun 2022, daga nan ya yi ta sauka fiye da shekara biyu. A wancan lokaci oza ɗaya ta zinariya, wato giram 31.1, tana wajen dalar Amurka 2000. Ta haura 3000 a Maris 2025, ta haura 4000 a Oktoban shekarar. Wanda ya sayi gundarin zinariya a 2022 kuɗinsa sun ninka, wanda ya sayi agogon zinariya a tsadar wancan lokaci kuma har yanzu yana lissafin yadda zai mayar da uwar kuɗi. Idan zinariya ake so a sayi zinariya.

Mai_Son_Sukuwa:
Kun mayar da hirar ta riba da asara kawai, kamar babu wani daɗi a cikin abin. Ni abin da ya ja ni ga kurono dawaki ne. A 1821 wani mai ƙera agogo na sarkin Faransa, Nicolas Rieussec, ya ƙera na'urar auna gudun dawaki a filin Champ de Mars na Paris, tana ɗiga tawada a kan fuska duk lokacin da doki ya ƙetare layi. Kafin shi Louis Moinet ya yi tasa a 1816 domin duba taurari. Ni nawa Seiko ne na ƙarfe, da shi nake auna dawakinmu a filin sukuwa. Lambobin da ke zagaye da bakin agogon ma aiki gare su. A hanyar Damagaram, idan ina gefen direba, nakan danna a daidai dutsen kilomita, in tsayar a dutse na gaba. Idan sakan 40 aka yi, allurar za ta tsaya a kan 90, ma'ana motar na gudun kilomita 90 a awa. Wanda zai kulle kurono a akwati bai taɓa danna maɓallinsa ba, me ya more?

Matashi_Mai_Kurono:
Kawu Mai_Son_Sukuwa ya faɗi abin da ke raina. Kuma ga namijin da ke son tara kurono ba tare da ya shiga matsalar da Malam ya ambata ba, ƙofa a buɗe take, domin mafi yawan masu tarihi na ƙarfe ne. Omega Speedmaster ya fito a 1957, shi ne ɗan sama jannati Buzz Aldrin ya ɗaura a duniyar wata a 1969. A wannan shekara ta 1969 Zenith ya fito da El Primero mai bugu 36,000 a awa, wanda ke iya auna kashi ɗaya cikin goma na sakan, kuma injinsa ne Rolex ya gyara ya sa a Daytona daga 1988 har zuwa 2000, lokacin da ya fara amfani da nasa mai lamba 4130. Seiko ma a 1969 ya fitar da nasa mai lamba 6139. Da kuɗin Everose ɗaya mutum zai haɗa waɗannan uku, ya kuma yi ragowa mai yawa.

Almajirin_Malam:
Na ƙarfe babu laifi a ɗaura shi matuƙar ba a kai ga almubazzaranci da alfahari ba. Wanda aka yi wa shafen zinariya siriri kuma malamai sun yi saɓani a kansa, barinsa ya fi kwanciyar hankali.

Hajiyar_Zariya:
Malam ya ambaci almubazzaranci, ni kuma zan ambaci ido. A garin nan idan aka san kana da irin wannan a gida, labari ba ya kwana. Fili ba a sa shi a aljihu a gudu da shi. Wanda ya saya ya rubuta lambar agogon ya ajiye dabam, kati da takardar saye su ma kada su kwana wuri ɗaya da shi. Kuma a wajen shigowa da shi a bayyana wa duwan a karɓi takarda, domin ranar da za a fita da shi gyara ko sayarwa, wannan takarda ce za ta nuna cewa naka ne.

BaMaraɗen_Besançon:
Hajiya ta taɓo batun sata, kuma yana da fuska ta biyu: agogon da ake tallata maka zai iya zama na sata ne daga Turai. Akwai rumbun bayanai a Landan mai suna The Watch Register, ana biyan kuɗi kaɗan a duba lambar agogo ko an kai rahoton ɓatansa. Idan na sata ne, ranar da ka kai shi gyara wurin kamfani ana iya riƙe shi. Rolex kuma ya fara shirin tantance na hannu na biyu a Disamban 2022, inda dillalansa ke sayar da su da garanti na shekara biyu. Sun fi na kasuwa tsada, amma araha ba ta ado.

Idan kuma maganar tarawa ce ta gaske, ba Daytona kaɗai ba ne. Masana sun fi girmama kurono na Patek Philippe, da Datograph na kamfanin A. Lange & Söhne na Jamus wanda ya fito a 1999. Bayansa gilashi ne, idan ka juya shi ka danna maɓalli za ka ga wata ƴar ƙaramar da'irar ƙarfe mai ginshiƙai ta juya taki ɗaya, hannayen ƙarfe sirara su faɗa tsakanin ginshiƙan, allura ta tashi. Ana yin su da jar zinariya ma, sai dai masu sayensu sun fi na Rolex ƙaranci, wato matsalar da Bakatsine ya faɗa ta ƙara tsanani.

Maƙerin_Bagalam:
Abu ɗaya da ba a faɗa ba shi ne goge. Zinariya tana saurin karcewa, kuma dillali yakan kai tsohon agogo a goge shi ya yi ƙyalli kafin ya ɗauki hoto. Kowane goge yana cin zinariya, kusurwoyin gidan su zama dunƙulallu, hatimin kan karen nan ma ya fara shafewa. Masu tarawa sun fi son mai ƴan tabo wanda ba a taɓa gogewa ba. Alhaji, ka dubi gefen ƙafafun agogon a hotunan, idan kaifinsu ya tafi an ci shi da injin goge. Ka kuma tambaya ko an cire gaɓoɓi daga sarƙar, domin kowace gaɓa giram ce, kuma sayen sabuwa daga kamfani da tsada.

Alhajin_Mokoyo:
Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin tunani. Na sake duba hotunan bayan maganar Baba Maƙeri, na ga cewa wannan maɗaurinsa baƙar roba ce, ba sarƙar zinariya ba. Shin wannan alamar jabu ce? Kafin alƙalami dai na fasa aikawa, sai na je na gani da idona. Amma ban cire raina daga abin gaba ɗaya ba, domin har yanzu ina ganin amfanin dukiyar da mutum zai iya ɗauka a tafin hannu ya ƙetare iyaka da ita idan al'amura suka rikice.

Bakatsinen_Jibiya:
Idan don ɗauka a tafin hannu ne, Alhaji, gundarin zinariya mai giram 100 ya fi agogo ƙanƙanta, kuma ana sayensa a Agadas da Kano da Yamai ba tare da an tambaye ka kwali ba.

Mai_Gyaran_Agogo:
Baƙin maɗaurin ba alamar jabu ba ne. Rolex na kiransa Oysterflex, roba ce da aka zuba a kan siraran faifan ƙarfe, ya fara fitowa a 2015, aka sa wa Daytona na zinariya daga 2017. A zafinmu ya fi fatar kada dacewa nesa ba kusa ba, domin gumi yakan ruɓar da fata cikin bazara ɗaya ko biyu. Sai dai lissafi ya canja: ba tare da sarƙa ba, zinariyar ta rage ga gida da maƙulli kawai, saboda haka nauyin giram 200 da na faɗa ba zai yi aiki a kansa ba, lissafin nisabin Malam ma sai an sake shi bayan an auna. Shi wannan maɗauri ba a yanka shi, girma-girma ake yinsa, don haka a gwada shi a hannun wadda za ta ɗaura kafin a biya. Ka ce wa abokinka ya turo lambar ƙirar da ke kan katin da shekarar da aka fara sayar da shi, ka sa mana a nan mu duba ko sun dace da fuskar da ke hoton.